BABI NA UKU: TARIHIN GASHIN ƘASHI GA MASU CIWON DAJI DA MATSAYINSA A ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda asibitocin zamani suka shigo kudancin ƙasar Katsina. Wannan babi kuwa zai duba wani fanni na kiwon lafiya da ba a cika waiwayarsa ba, wato kula da mai ciwon daji bayan an yi masa aiki ko an ba shi magani, domin ya koma amfani da gaɓoɓinsa. Za a fara da ma'anar kalmomi, sannan a dubi ƙasar Funtuwa da Malumfashi, a biyo da tarihin gashin ƙashi a Nijeriya. Daga nan sai a nazarci ayyukan Farfesa Margaret McNeely ta Jami'ar Alberta da ke ƙasar Kanada, wadda ta shafe rayuwar aikinta tana bincike da koyarwa a kan kafaɗa da hannun masu ciwon daji. Dalilin zaɓen wannan malama shi ne, kafaɗa da hannu su ne jarin manomi da matarsa, don haka sakamakon bincikenta ya shafi mutanen wannan yanki kai tsaye.

3.1 Ma'anar Gashin Ƙashi da Ciwon Daji

Gashin ƙashi shi ne sunan da Hausawa suka laƙaba wa sashen asibiti da ake kula da marasa lafiya ta hanyar motsa gaɓoɓi da tausa da ɗumama jiki da atisaye. Sunan ya samo asali daga abin da Bahaushe ya riga ya sani, domin tun kafin zuwan Turawa ana gasa targaɗe da ruwan zafi, maɗori yana ɗora karaya, ungozoma kuma tana gasa jikin mai jego. Sai dai sunan ya ƙuntata aikin, saboda yana sa mai sauraro ya zaci ƙashi kaɗai ake dubawa. A haƙiƙa aikin ya haɗa da tsoka da jijiya da numfashi da ƙarfin jiki baki ɗaya.

Ciwon daji kuwa, wanda ake kira sankara ko kansa, cuta ce da wasu ƙwayoyin halittar jiki ke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, har su mamaye naman da ke kusa da su ko su bazu zuwa wasu sassan jiki. Ana yi masa magani ta hanyoyi uku manya: tiyata, da ƙona ciwon da na'urar haske mai ƙarfi, da magungunan kashe ƙwayoyin cutar da ake kira kemo. Kowace hanya daga cikinsu tana barin tabo. Tiyatar nono takan sa kafaɗa ta sage, cire kaluluwar hammata yakan jawo kumburin hannu, ƙonawa da haske takan sa fata da tsoka su taurare, kemo kuma yakan kawo kasala mai tsanani da mutuwar yatsu. Waɗannan matsaloli su ne fagen aikin masu gashin ƙashi a ɓangaren ciwon daji.

3.2 Ƙasar Funtuwa da Malumfashi da Binciken Lafiya

Funtuwa da Malumfashi suna kudancin Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. Sarkin Maska ne hakimin Funtuwa, Galadiman Katsina kuma yana zaune a Malumfashi. Ƙasa ce ta noma, mai samun ruwan sama fiye da arewacin jihar. Auduga ce ta fara fito da sunan Funtuwa, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ta ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920. A shekarar 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, abin da ya ƙara yaɗa noman masara da amfani da takin zamani. Duk da haka, mafi yawan aikin da hannu ake yin sa. Namiji yana huɗa da noma da fartanya da ɗaukar dami, mace tana sussuka da daka da jan guga da saɓa goyo.

Malumfashi tana da matsayi na musamman a tarihin binciken lafiya a Arewa. Asibitin garin ya kasance ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da na Zariya da na Kaduna. A cikin shekarun 1970 aka gudanar da shirin binciken cututtukan da suka zauna a yankin, da haɗin gwiwar jami'ar da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila. Rahoton farko na shirin ya fito a 1977 da sunayen Bradley da Gilles da Farfesa Umaru Shehu. Rahotannin da suka biyo baya sun duba zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji da sauransu. Wannan yana da alaƙa da ciwon daji, domin ilimin likitanci ya tabbatar da cewa tsargiyar da ta daɗe a jiki tana iya haddasa sankarar mafitsara. Haka kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu suna cikin manyan musabbaban sankarar hanta.

A wannan yanki ne kuma masanin tarihi Murray Last ya zauna a cikin Maguzawa yana nazarin yadda ake neman magani. A maƙalarsa ta 1981 ya nuna cewa marasa lafiya ba su cika damuwa da sanin tsarin da magani ya fito daga cikinsa ba, abin da ya dame su shi ne samun sauƙi, don haka sukan zagaya daga wannan mai magani zuwa wancan. Idan aka haɗa wannan da camfin da ya yaɗu a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, za a fahimci dalilin da ya sa mafi yawan masu cutar ba su isa asibiti sai ta yi nisa.

Abin lura a nan shi ne, binciken Malumfashi ya mai da hankali ne ga ƙidayar cututtuka da gano musabbabinsu. Wannan shi ne abin da zamanin ya buƙata. Tambayar yadda wanda aka yi wa aiki zai koma gona kuwa, sai daga baya ta taso, kuma a wasu ƙasashe aka fara amsa ta.

3.3 Shigowar Gashin Ƙashi Nijeriya

Tarihi ya nuna cewa gashin ƙashi na zamani ya shigo Nijeriya a shekarar 1945, lokacin da wasu Turawan Ingila biyu, Miss Manfield da Mista Williams, suka fara aiki a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko. Aikinsu na farko shi ne kula da sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma horar da mataimaka 'yan ƙasa. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Nijeriya, inda Dakta Thompson Abayomi Oshin da Mista Christopher Ajao suka kasance jagorori. A 1966 Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digiri a wannan fanni. Jami'ar Ife ta biyo baya, kuma a can ne Vincent Nwuga ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya kai matsayin farfesa a gashin ƙashi, inda ya shahara a kan ciwon baya. A 1988 gwamnatin soja ta kafa hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista ta Doka mai lamba 38.

A Arewa kuwa, asibitin ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959 shi ne tushen wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1980 aka kafa makarantar gashin ƙashi ta tarayya a nan Dala, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ita ce ta farko da ta yaye irin waɗannan ma'aikata a Arewa.

Daga wannan taƙaitaccen tarihi za a ga cewa sana'ar ta girma ne a inuwar asibitin ƙashi. Marasa lafiyar da ta saba da su su ne masu karaya, da yaran da shan inna ta nakasa, da kutare, da masu shanyewar ɓarin jiki. Shan inna kaɗai ta ci ƙarfin ma'aikata shekaru da dama, domin sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ita daga Nijeriya. Mai ciwon daji bai samu gurbi a wannan jeri da wuri ba, saboda ana yi masa kallon wanda kwanansa ya ƙare.

3.4 Asalin Farfaɗo da Masu Ciwon Daji

Irin wannan kallo ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi shi ba. A 1894 likitan tiyata William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya wallafa sakamakon hanyarsa ta cire nono gaba ɗaya tare da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Wannan hanya ta yi tashe fiye da shekara saba'in, ta kuma bar mata da yawa da kumburarren hannu da sagaggiyar kafaɗa. Shawarar da aka saba ba su ita ce su huta, su guji ɗaga abu mai nauyi da wannan hannu har abada.

Likita J. Herbert Dietz na asibitin Memorial da ke New York yana cikin waɗanda suka fara sauya tunani. A littafinsa na 1981 ya raba aikin farfaɗowa gida huɗu: na rigakafin nakasa, da na mayar da ƙarfin da aka rasa, da na tallafa wa wanda nakasarsa ta zauna, da na sassauta wahala ga wanda cutar ta ci ƙarfinsa. Kafin wannan, a 1978, Lehmann da abokan aikinsa sun duba marasa lafiya 805, suka tarar da yawa daga cikinsu suna da matsalolin da za a iya gyarawa amma ba a tura su inda za a gyara ba. A ƙarshen shekarun 1980 kuma Winningham da MacVicar na Jami'ar Jihar Ohio suka ɗora matan da ke karɓar kemo a kan keken motsa jiki, suka ga ƙarfinsu ya ƙaru, tashin zuciya kuma ya ragu. Waɗannan su suka share fage, amma ana buƙatar hujjoji masu ƙarfi kafin likitoci su janye tsohuwar shawara.

3.5 Farfesa Margaret McNeely

3.5.1 Aikin Asibiti da Karatu

Margaret McNeely ta fara ne a matsayin ma'aikaciyar gashin ƙashi, ta kuma yi aiki da masu ciwon daji a Cibiyar Cross da ke birnin Edmonton na lardin Alberta. Daga bakin gadon marasa lafiya ta koma Jami'ar Alberta ta yi karatu mai zurfi har zuwa digiri na uku, inda ta yi aiki tare da Farfesa Kerry Courneya, masanin motsa jiki da ciwon daji. Daga baya ta zama malama a sashen gashin ƙashi na jami'ar har ta kai matsayin farfesa. Wannan tsari na fara aikin asibiti kafin bincike ya bayyana a irin tambayoyin da ta zaɓa, domin duk sun shafi abin da mara lafiya ke kuka da shi ne kullum.

3.5.2 Bincikenta

Ana iya kasa bincikenta gida uku. Na farko shi ne kumburin hannu. A 2004 ta wallafa gwajin da aka yi da mata 50 masu wannan kumburi bayan maganin sankarar nono. An naɗe hannun wasu da bandeji na musamman kawai, wasu kuma aka haɗa musu da tausar da ke kora ruwan da ya taru. Sakamakon ya nuna cewa naɗin bandeji, ko da tausa ko babu, yana rage kumburin sosai, tausar kuma ta fi amfani ga waɗanda kumburinsu bai yi yawa ba.

Na biyu shi ne kafaɗar masu sankarar kai da wuya. Idan likita ya buɗe wuya domin cire kaluluwa, yakan taɓa jijiyar da ke sarrafa babban naman da ya taso daga ƙeya ya rufe kafaɗa. Daga nan kafaɗar sai ta zube, ta riƙa ciwo, mutum ya kasa ɗaga hannu sama. A 2008 ta wallafa gwaji da mutum 52, inda aka sa rabinsu atisayen jan nauyi da ake ƙara shi sannu a hankali na tsawon mako 12. Waɗannan sun fi sauran samun sauƙin ciwo, ƙarfin hannunsu kuma ya ƙaru.

Na uku shi ne tattara binciken wasu domin a ga inda hujja ta rinjaya. A 2006 ta jagoranci bitar nazarce-nazarce 14, wadda ta fito a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada, ta nuna cewa motsa jiki yana rage kasala, yana kuma ƙara ƙarfi da jin daɗin rayuwa ga masu sankarar nono. A 2010 ta sake jagorantar bitar nazarce-nazarce 24 da suka ƙunshi mata fiye da 2,000. An gano cewa fara motsa kafaɗa da wuri bayan tiyata yana hana ta sagewa, kuma bai ƙara haɗarin kumburin hannu ba. Sai dai bitar ba ta ɓoye aibi ba, domin ta nuna cewa gaggawar farawa takan sa ruwan da ke fita daga rauni ya ƙaru. Wannan ya nuna cewa aikin yana buƙatar idon ƙwararre.

3.5.3 Koyarwa da Fita Cikin Jama'a

Baya ga bincike, ta jagoranci wani ɗakin farfaɗo da masu ciwon daji a cikin jami'ar, inda ake duba marasa lafiya, ɗalibai suna koyo, ana kuma tattara bayanan bincike a wuri guda. A 2017 ita da Farfesa Nicole Culos-Reed ta Jami'ar Calgary suka fara wani shiri na lardin Alberta baki ɗaya, wanda ya fitar da atisayen daga asibiti zuwa wuraren motsa jiki na unguwanni. Ana horar da malaman motsa jiki na gari su jagoranci darussa na mako 12, ƙwararru kuma suna tantance wanda ya dace ya shiga.

Ayyukanta sun haɗu da na wasu sun sauya shawarar likitoci. A 2009 Kathryn Schmitz ta nuna cewa ɗaga nauyi bisa tsari ba ya ƙara kumburin hannu. A 2019 wata farfesar gashin ƙashi, Kristin Campbell ta Jami'ar British Columbia, ta jagoranci rubuta ƙa'idojin da masana daga ƙasashe da dama suka amince da su: motsa jiki matsakaici na minti 30 sau uku a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. A 2025 kuma Courneya da abokan aikinsa suka wallafa gwaji da mutum 889 masu sankarar hanji. Bayan shekara biyar, kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka bi shirin motsa jiki suna raye ba tare da cutar ta dawo ba, a yayin da ɗaya rukunin ya tsaya a kan kimanin kashi 74.

3.6 Darasi ga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin mutum 128,000 suka kamu da cutar a Nijeriya a wannan shekara, kusan 80,000 kuma suka rasu, sankarar nono ce kuma kan gaba. Mutumin Funtuwa ko Bakori ko Ƙafur da ya kamu yakan nufi asibitin koyarwa na Shika, wanda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko ya tafi Katsina ko Kano. Kafin a kammala magani sau da yawa an sayar da hatsi da dabbobi, wani lokaci har da gona. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ta ƙara wa tafiya wuya. Saboda haka idan an sallamo mara lafiya, komawa asibiti mako-mako domin gashi abu ne da 'yan kaɗan za su iya.

Akwai darussa uku da za a ɗauka daga abin da ya gabata. Na farko, shawarar a kwanta a huta, wadda dangi ke bayarwa saboda tausayi, tana iya jawo nakasar da ba ciwon ne ya kawo ta ba. Matar da aka cire wa nono ta ƙi motsa hannu wata uku tana iya rasa damar ɗaga taɓarya, alhali ana iya kauce wa hakan. Na biyu, mafi yawan abin da binciken McNeely ya tabbatar ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Bandeji da sanda da igiya da bango sun isa a fara, muddin an sami mai koyarwa da ya san iyakar abin da rauni zai ɗauka. Na uku, tsarin horar da mutanen gari a ƙarƙashin kulawar ƙwararre ya dace da yankin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, musamman mata waɗanda ke iya shiga gidajen kulle, su ne suka fi cancanta da wannan horo.

Sai dai dole a yi hattara wajen kwaikwayo. An yi waɗancan gwaje-gwaje ne a kan mutane masu isasshen abinci, waɗanda da yawansu aikin zama suke yi. Manomin Malumfashi ba ƙarancin motsi ne ya dame shi ba, tambayarsa ita ce yaushe zai koma riƙe fartanya, kuma kunya nawa zai iya nomewa ba tare da ya illata kansa ba. Haka kuma wanda cutar ta kai ga ƙashinsa yana cikin haɗarin karaya, don haka rukuni na uku da na huɗu na rabon Dietz su suka fi dacewa da shi. Waɗannan tambayoyi malaman jami'o'in Kano da Zariya ne suka fi cancanta su amsa su, a kan marasa lafiyar wannan ƙasa.

3.7 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa gashin ƙashi ya shigo Nijeriya a 1945, ya kafu a Arewa ta hanyar asibitin Dala, amma ya daɗe yana hidimar masu karaya da shan inna kafin ya waiwayi masu ciwon daji. An ga yadda Malumfashi ta zama fagen binciken cututtuka a shekarun 1970, binciken da ya tsaya ga musabbabi. An kuma bi sawun Farfesa McNeely daga aikin asibiti zuwa bincike da koyarwa, aka ga yadda ita da takwarorinta suka rushe tsohuwar shawarar hana motsi da hujjojin gwaji. A ƙasar da abincin gida ya dogara ga kafaɗa da hannu, ba a ce magani ya kammala ba sai mara lafiya ya koma bakin aikinsa gwargwadon hali. Babi na gaba zai duba sassan gashin ƙashi na asibitocin yankin da irin marasa lafiyar da suke karɓa.